Jakar da Za Ta Riƙe Gilashi

Gilashin kyamarar ya sake suɓuce wa mai hoton da ya zo sayen jaka, na cafe shi saura ƙiris ya sha ƙasa. Duk jakar da na sauko masa da ita a shagona, sai ya rataya, ya yi ta fama ya canza gilashi da hannun dama kaɗai.

"Haba Baba, sa hannu biyu mana, kar ka ja wa kanka asara!"

"Ɗana, babu wadda bakinta ke tsayawa a buɗe, ta riƙe min gilashi?"

Na birkice shagon kaf, babu.

Ya ajiye jakar a hankali. "To, shi ke nan. Da kyamarar nan nake ciyar da yarana, ga shi jibi likita zai yanke min hannun hagun."