Wa Ya Kai Ƙarar Isyaku?

Ana cikin sauke buhunan masara jami'in kashe gobara ya tsayar da babur a ƙofar siton Isyaku. Ranar kasuwar Bakori ce, kaka ta kankama, manoma sun yi layi da kayansu suna jiran awo. Duk ranakun duniya mutumin nan bai ga ranar zuwa ba sai wannan.

Ya ce sunansa Awaisu, daga Funtuwa aka turo shi ya duba ginin saboda hatsarin wuta. Isyaku ya yi murmushin da bai kai zuci ba, ya ce masa bismilla.

Gida ne da sito a haɗe, sito a gaba, ɗakunan iyali a baya. Tun shekarar da ɓarayi suka shigo ta lungu Isyaku ya sa aka toshe ƙofar baya da bulo, aka yi wa kowace taga ƙarfe. Mai shiga gida da mai fita, duk ta tsakiyar siton suke bi. Bana harka ta buɗe, masara da auduga suka cinye hanyar, har sai mutum ya karkace yake wucewa. Matarsa Jamila ta yi mita ta gaji. Mahaifiyarsa Inno ta ce tana jin ƙaurin roba. Amsarsa ɗaya ce ga kowa: a bari kaka ta wuce.

Abin da ya fara ƙona masa rai shi ne jami'in bai yi lalube ba. Kai tsaye ya nufi bayan tulin auduga, ya jawo wayar lantarkin da aka yi wa haɗin gambiza, ya nuna inda robarta ta narke. Ya ɗaga wani tamfol, ga jarkokin fetur na injin ban-ruwa jingine da kwalayen maganin feshi. Sannan ya je ya ƙwanƙwasa bangon da aka toshe, bangon da ya sha filasta da fenti, wanda baƙo ba zai taɓa cewa an yi ƙofa a wurin ba.

"Alhaji, in wuta ta tashi a nan, ta ina mutanen ciki za su fita?"

"Allah ya tsare, Malam. Shekara nawa muna zaune lafiya?"

"Amin. Amma ta ina?"

Isyaku ya kawo zancen ɓarayi, ya kawo na ƙarancin magina a lokacin girbi, ya roƙa, ya yi fushi, ya sake roƙo. Har gefe ya ja shi ya ce ai ba za a rasa na shan mai ba. Awaisu ya yi kamar da bango ake magana. Ya ce ko buhu ɗaya ba zai ƙara shiga ba sai an fasa bangon nan, an fitar da fetur, an sake waya, an buɗe hanya. Da zai hau babur ya ce a gaishe masa da Inno da jiki.

Manomi ba ya jira da kaya a rana. Isyaku yana tsaye yana kallo layin ya watse, mutanensa na shekara da shekaru suka tsallaka titi zuwa siton Sada.

Nan take lissafin ya fito masa. Sada abokinsa ne tun suna yara, kullum a tabarma ɗaya suke cin tuwo. Sada ne ya kawo masa maginin da ya toshe ƙofar. Sada ya san inda yake ajiye fetur. Ga shi yanzu Sada ne ke awon masarar da ta kamata ta shiga sitonsa.

Ya tsallaka titin babu ko sallama. A gaban manoma da 'yan dako ya kira shi munafuki, mai hassada, mai cin amana. Sada ya rantse, ya nemi su shiga ciki su yi magana. Isyaku ya ce daga yau ko gawarsa bai yarda ya bi ba.

Ya dawo yana huci, ya karkace ya kutsa tsakanin buhuna, wata ƙugiya ta yage masa hannun riga. Jamila ta ga fuskarsa ta koma madafa. Ya wuce ɗakin ƙarshe, inda Inno take kwance tun da ɓarin jikinta ya shanye bara, rediyonta da 'yar wayarta a gefen matashi.

Ya zauna a ƙasa ya zazzage mata komai: jami'in, cinikin da ya tafi, da Sada. Ta bar shi har ya rasa abin faɗa.

"Ka gama, Auta? To gobe da safe ka je ka ba Sada haƙuri."

"Haƙurin mi, Inno? Mutumin da ya kai ƙarata?"

Ta daɗe tana kallon ƙarafan tagarta kafin ta juyo gare shi.

"Ba shi ba ne. Ranar da wutar nan za ta tashi, kowa a gidan nan yana da ƙafar gudu in ban da ni, shi ya sa na kira su da kaina."