Bakanike da Tukunyar Aro

Wani bakanike ne ya gaji da kwanciya a ƙarƙashin mota, ya koma zubin tukwane. Ka dai san yadda ake yi: a kifa tsohuwar tukunya cikin akwatin katako, a danƙare ta da jiƙaƙƙen yashi, a zare ta a hankali ta bar gurbinta, sannan a narka gwangwanaye a zuba a gurbin. Aikinsa na farko na wata dattijuwa ce mai girkin biki, wadda ta ba shi aron babbar tukunyarta ya zuba mata irinta kafin Juma'a. Ita kuwa dattijuwar nan, in ta yabe ka ka ci kasuwa, in ta kushe ka sai dai ka sake sana'a.

To, mutumin naka shekara ashirin yana ganin mai na warware duk ƙarfen da ya cije. Don haka ya shafe tukunya da baƙin mai, wai ta zame. Yana ɗagawa ta taso da yashi manne a jikinta kamar an barbaɗe tsire da ƙuli, gurbi ya rushe. Ya ce man ne bai isa ba, ya lafta giris. Ya gwada man gyaɗa, ya gwada manja, har man shanun matarsa bai tsira ba. Kwana uku yana abu ɗaya, tsoro ya fara kama shi.

Ranar Alhamis dattijuwa ta leƙo, ta tarar da tukunyarta baƙa ƙirin tana naso. Ta ce, "Ɗan nan, tukunya na ba ka ko injin mota?" Ba ta jira amsa ba, ta damƙo toka daga murhun da yake narka ƙarfe, ta dirje abarta ciki da waje har ta bushe ta yi fari fat, ta ɗora a ka za ta tafi. Ya durƙusa ya ce, "Inna, don Allah ki bar ni in gwada sau ɗaya tak." Ta sauke tana tsaki, ta ce kada ya kuskura mai ya sake taɓa ta.

Haka ya binne tukunyar cikin yashi da tokarta, ransa a jagule. Da ya ɗaga, sai ta zaru sumul, ko ƙwayar yashi ba ta biyo ta ba, ga gurbi tsaf har da wurin kunnuwa. Ya dubi murhu, ya dubi tarin gwangwanayen man da ya saya, dariya da kunya suka kama shi lokaci guda, don tokar nan kullum safe shi da kansa yake kwashe ta ya zubar a bola. Ranar Juma'a a tukunya biyu aka dafa shinkafar biki.

Shi ya sa Hausawa ke cewa, rashin sani, kaza ta kwana a kan dami.