Ido na Biyu

Tela ya rufe shagonsa tun kafin azahar, abin da bai yi ba ko ranar da aka haifa masa ɗan fari. Ya bar rigar wani ango a ƙarƙashin allurar keke, ya cusa wayarsa a aljihu, ya nufi gidan Injiniya yana tafe yana cizon leɓe.

Injiniya ne ya koya masa kallon sama. Dattijon ya harhaɗa madubin hangen nesa da hannunsa bayan ya yi ritaya, wani dogon bututu da ya kafa a saman benensa. Ranar da Tela ya fara leƙawa ya ga ramukan da ke jikin wata, shi ke nan, ya kamu. Kullum kafin asuba sai ya hau matakalar bayan gidan yana rafka sallama, ya tarar da Injiniya zaune cikin duhu da butar shayi. Ba a kunna fitila a wurin, don haske yana dakushe ido. Kafin gari ya waye kowa ya kama gabansa. Matar Tela takan yi masa tsiya, wai abotarsu irin ta jemagu ce, ba su san juna da rana ba.

A 'yan shekarun nan Injiniya ya sakar masa komai. Tela ke saita bututun, shi ke fara leƙawa ya zayyana abin da ya gani, sannan dattijon ya sunkuya, ya daɗe, ya ɗago ya ce, "Haka yake, ɗinkinka ya yi." Tela ya ɗauki wannan a matsayin girmamawa, har yana ba masu kawo ɗinki labari ko ba su tambaya ba.

Burinsu ɗaya ne: su gano tauraro mai wutsiya wanda ba wanda ya riga su gani, domin duk wanda ya fara kai wa masana rahoto, sunansa ake raɗa wa tauraron. Injiniya ya yi rabin rayuwarsa yana nema bai dace ba. Shi ne ma ya kafa musu doka tun farko. In ɗayansu ya ga baƙon abu, ba zai ce uffan ba. Zai saita bututun ya koma gefe, ɗayan ya leƙa ya faɗa da bakinsa, saboda ido yana da son ganin abin da aka riga aka gaya masa. Sai bakinsu ya zo ɗaya za a kai rahoto. Suna kiran wannan ido na biyu, kuma ba su taɓa samun dalilin amfani da shi ba.

Sai wata asuba, ƙasa kaɗan da taurarin Kaza da 'Ya'yanta, Tela ya ga wani ɗigon haske mai dishi-dishi kamar zaren auduga a baƙin yadi. Ya san wurin nan kamar aljihunsa, kuma jiya babu shi. Ya saita bututun, ya ja da baya.

"Ido na biyu, Injiniya."

Dattijon ya ce, "Ɗan ba ni haske mana, ta wane gefe zan duba?"

"Kai ka kafa dokar, ranka ya daɗe," in ji Tela yana dariya.

Injiniya ya sunkuya. Ya daɗe fiye da kullum, har shayin ya huce. Da ya ɗago sai ya ce ba wani sabon abu, wataƙila raɓa ce ta kwanta a gilashi. Ya ƙara da cewa kada Tela ya kuskura ya kai rahoto ya ja musu abin kunya.

Tela ya yarda. Wa zai yi musu da mutumin da ya ƙera bututun? Ya koma gida jiki a sanyaye, har ya fara zargin idonsa, ya daina zura zare a allura sai da tabarau. Washegari gajimare ya rufe sama, ya ƙi tafiya har tsawon kwanaki.

Yau da hantsi labari ya shigo masa ta waya. Wani mutum a can wata ƙasa mai nisa ya gano sabon tauraro mai wutsiya, daidai ƙasan Kaza da 'Ya'yanta, da ɗan madubin hangen nesa na hannu wanda bai kai rabin nasu ƙarfi ba. Kuma sai bayan waccan asubar ya gan shi. An riga an raɗa masa sunan mutumin.

Abin ya ci wa Tela rai. Rashin tauraron da sauƙi a kan tunanin cewa mutumin da yake kira uba ya leƙa, ya gani sarai, hassada ta sa ya ce raɓa ce. Ashe duk yabon nan na baka ne, dattijon ba zai iya jure yaronsa ya samu abin da shi ya rasa ba.

Ya tarar da Injiniya a barandar ƙofar gida, zaune a kujera, hannuwansa bisa gwiwa. Don baƙin ciki, Tela ko sallama bai yi ba. Ya tsaya a gabansa, ya fito da wayar, ya ɗora masa hoton tauraron dab da fuska, yana jiran ya ga kunya ta kama shi.

Dattijon bai ko ƙifta ba. Ya ɗan karkata kai, ya ce, "Wa ke nan? Auta, zo ki ga ko baƙo muka yi."

Autarsa ta leƙo da tsintsiya a hannu, ta russuna ta gaida Tela.

"Kawu, ka yi masa magana mana," in ji ta. "Ai ka fi kowa sani, shekara da shekaru ke nan Baba ko rana ba ya gani."