Sai Munduwa Ta Yi Kore

Tun da gwamnati ta zuba kuɗi a wasannin firamare, aka ɗaura wa kowane ɗalibi munduwa mai auna gudu a hannu. Ƙofar makaranta ba ta buɗe wa yaro ya tafi gida sai ya yi gudun da zai sa munduwarsa ta yi kore.

Ranar Laraba, Iya Gambo ta gaji da jiran jikarta Hajjo, ta sauke tukunyar alalarta ta bi sawu. Ta tarar da yarinyar a gindin darbejiya, jiki zafi rau. Cikin sabon filin wasan makarantar kuwa Malam Tanimu, malamin wasanni, yana ta zagaye a rana, furfurarsa sharkaf da gumi, mundayen yara marasa lafiya jere a damtsensa.

"Malam, kai ma fa ba yaro ba ne," in ji Iya.

"Ƙara haƙuri, Iya," ya ce yana haki. "Ta Hajjo ta kusa."

Da suka iso lungunsu, Hajjo ta ga ƙannenta suna tsere suna dariya. Ta tsaya tana kallonsu.

"Iya, gudun me suke yi? Ai su ba a ɗaura musu ba tukuna."