Gyaran Malam Almakashi

Tun kafin a ja labule a kashe fitilun ajin, Auta ya rasa inda zai sa kansa. Wannan ce damarsa ta ƙarshe a darasin fim. In ya sake faɗuwa, sai dai ya tattara nasa-ya-nasa ya koma gida, ga shi mahaifiyarsa ta gama shelanta wa dangi cewa autanta ya kusa kammalawa.

Malamin kuwa ba a banza ɗalibai suke kiransa Almakashi ba. Mutum ne da ba ya iya ganin kuskure ya haɗiye, ko gaishe shi ka yi sai ya sami inda zai gyara. Aikin da ya ba su shi ne su shirya farkon fim mai tsinka zuciya, minti biyu kacal, kuma ya nanata dokokin har an haddace: a fara da abin da ido ya saba gani, sauti ya riga hoto, kyamara ta zama idon mai bin sawu, fuskar mugu kuwa kada a kuskura a nuna ta. Duk waɗanda suka riga su nunawa ya yi musu kaca-kaca.

Abin da ya fi ɗaga wa Auta hankali shi ne abokiyar aikin da aka haɗa shi da ita, wadda ake ce wa Shiru-shiru. Wallahi yarinyar nan ta ba shi wuya. Ita ta kafe sai a matakalar bayan tsohon ɗakin karatu za a ɗauka, wadda aka daɗe da garƙamewa, ta yi ta yi wa mai gadi magiya har ya buɗe. Ta hana a ɗauka sai ranar da aka yi ruwa. Ta zo da wata koriyar riga daga gida, tana warin akwati, ta yi wa yarinyar da za ta fito a fim ɗin tsawo, amma ta ce ko zare ba za a taɓa ba. Da aka zo tace fim ɗin, Auta ya ce a sa ɗan kiɗa mai razanarwa, ta ce a'a. Ita ko allon ba ta kallo, sai dai ta tambaye shi, "Ya yi kama da gaske?"

Yau kuma sai ga ta da baƙi. Wani dattijo da ta ce kawunta ne ya zauna can baya, abokinsa kuma ya ƙi kujera, ya jingina a bakin ƙofa.

Aka kunna.

Duhu ya fara zuwa, da ɗigar ruwa. Sai ƙarar takalmi, ƙwas, ƙwas, ƙwas. Sannan aka ga bayan wata budurwa cikin koriyar riga, rungume da littattafai, tana hawa matakala. Kyamara na biye da ita, tana laɓewa a kowace kwana, ana jin numfashin mai binta.

A al'ada, Almakashi ba ya bari a yi nisa bai tsayar da fim ba. Yau rimot na hannunsa amma ya kasa dannawa. Ya cire gilashinsa, ya tako a hankali har hasken majigin ya faɗa kan rigarsa. Auta ya ga wuyan rigar ya jiƙe da gumi, ya ce a ransa shi ke nan, kashinsa ya bushe.

Budurwar ta kai sama. Ta waigo, ta yi murmushi irin na wadda ta ga wanda ta sani. Wani hannu ya shigo cikin hoton. Allo ya yi baƙi.

Aka kunna fitilu.

"Wa ya tsara wannan?" in ji malamin.

"Ni ce, Malam," Shiru-shiru ta amsa.

Ya daɗe yana kallonta kamar mai son tuna inda ya san fuskar. Can ya ce, "Ya yi. Kun ci."

Auta saura kaɗan ya faɗi ya yi sujada. Har ya fara jin guɗar mahaifiyarsa a kunne. Sai kawai ya ji yarinyar nan ta ce, "Malam, ko gyara ɗaya babu? A mayar maka ka sake gani."

Kai! Ji ya yi kamar ya take mata ƙafa. An ba ki ci, me kuma kike tonowa? Amma tuni ta danna kwamfutar da ke gabanta ta mayar da fim ɗin, ɗigar ruwan ta sake cika ajin, takalmin ya sake farawa.

Almakashi ya yi ƙoƙarin kau da kai, ya kasa. Leɓensa ya fara motsi, yatsansa ya ɗagu ya nuna allon kamar yadda ya saba.

"Takalmin nan ne ya ɓata shi," ya ce, ido kafe a kan hoton. "Wannan ƙwas-ƙwas ɗin duk ƙarya ce. Ai a hannu ta riƙe su, saboda santsi..."

Ya datse maganar. Yatsan ya tsaya a sama.

Mutumin da ke bakin ƙofa ya miƙe daga jinginar da ya yi, ya tura ƙofar ta rufu. Dattijon ya rufe fuskarsa da hannu biyu, kafaɗunsa suna rawa. Makin da Auta yake ta murna da shi ya fice masa daga rai.

Shiru-shiru ta tashi tsaye. A karon farko tun haɗuwarsu, Auta ya ji muryarta ta kai ƙarshen aji.

"Gyaranka daidai ne, Malam, da gangan na sa wa mai wasan su. Ban da mu 'yan gida da 'yan sanda, ba wanda ya san an tsinci gawar yayata da takalmanta a hannu, sai wanda ya hankaɗo ta daga matakalar nan."