Takardar Ranar Juma'a

Sau biyu manaja ya kira "Hadassah!" kafin ta waiwayo daga injin yanka leda. A wannan kamfani na Kakuri, kiran ranar Juma'a sallama ce.

Shekara huɗu ke nan tana ƙarƙashin ejan da ke kawo ma'aikatan wucin gadi. Dokarsa ɗaya: ka cika wata shida, a soke sunanka, kuma sunan da aka soke ba ya dawowa, don kada wani ya buɗe baki ya nemi aikin dindindin. Mugunta ce tsagwaronta. Masu son ci gaba da cin abinci kuwa, kowa da dabararsa.

Zaman jiran nan ya cinye ta. Hawan jini ya kama ta tana da shekara talatin da ɗaya. Ranar Lahadi ta ɗaga wa mahaifiyarta murya a ƙofar coci a kan ɗankwali, ta dawo gida tana kuka.

Manajan sabo ne, wata uku da zuwa. Ya miƙo mata takarda yana murmushi.

"Ban ga mai saurinki ba. Mun ɗauke ki dindindin, har da asibiti da fansho. Litinin ki zo da katin ɗan ƙasa, a duba yatsanki a kwamfuta."

Matan sashen suka sa guɗa. Bello direba har da rawa. Ita ko ta tsaya ƙiƙam, ta rasa wanda za ta shaƙe, ejan ko mai murmushin. Shekara huɗu tana roƙon Allah wannan takarda, sai yanzu?

Ba ta hau Keke Napep ba. Da ƙafa ta taka har gida a Trikania, tana zagin ejan a fili, mutane na kaucewa.

Ta tarar da ƙanwarta kwance a tabarma tana danna waya, yarinyar da ko tsintsiya ba ta ɗagawa sai an yi faɗa. Ta wurga mata takardar a ƙirji.

"Tashi, kin samu aiki."

Ƙanwar, Hadassah ta ainihi, ta karanta sunanta a jiki, ta ɗago ido. "Yaya Irene, ai katin kawai na ara miki."