Tambarin Wasa

Tun da aka kafa dokar sa wa kowace zolaya tambarin wasa, Ya Falmata Babarbariya take cike da haushi. Ran nan aminiyarta Dije Bafulatana na kwance a asibiti, sai Falmata ta tura mata saƙo: "Baiwata, tashi ki ɗebo min ruwa, raguwa!"

Wayar ta riƙe saƙon, ta ce: "Wannan cin mutunci ne. In wasa ne, danna tambari."

"Ke za ki koya min wasan da na gada?" Falmata ta daka mata tsawa. Amma dole ta danna.

Can Dije ta ga saƙon da tambari a kai, ta kira. "Falmata, yau ni kike yi wa bayanin wasa? Gaya min gaskiya, me likita ya ce miki a kaina?"